Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jawabi a Kan Abin da Ke Kashe Kifi a Sabon Akwatin Gilashi



 Batun da na zaɓa ƙarami ne a ido, watau akwatin gilashin nan da ake cikawa da ruwa a zuba kifayen ado a ciki, irin wanda muke gani a falon gidaje, da otal-otal, da ɗakunan karɓar baƙi na ofisoshi. Wanda duk ya taɓa hulɗa da masu ajiye irin wannan akwati ya san labari guda da ke yawan maimaituwa. Mutum ya sayi akwati sabo fil, ya wanke shi, ya zuba tsakuwa da ruwa mai kyau, ya sayi kifaye masu lafiya ya saka. Mako na farko kowa na sha'awa. A mako na biyu ko na uku sai kifayen su fara tasowa saman ruwa suna haki, su ƙi cin abinci, daga nan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa ruwan garau yake, har kana iya karanta jarida ta cikinsa. Sai mai akwatin ya ce an sayar masa da kifaye marasa lafiya, ko ya ce sammu ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufata a yau ita ce in bayyana dalilin wannan mutuwa, da yadda ake kauce mata.

Sai mu fara daga abincin kifi. Abincin da ake ba kifi yana ƙunshe da sinadarin gina jiki, shi kuwa wannan sinadari a cike yake da naitirojin. Naitirojin ba baƙo ba ne a gare mu, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, kuma shi ne manomi ke nema sa'ad da ya zuba taki a gona, ko ya shuka gyaɗa da wake don ƙasa ta farfaɗo. Idan kifi ya ci abinci, jikinsa ya ɗauki abin da yake bukata, ragowar naitirojin ɗin sai ya fitar da ita a matsayin amoniya. Mafi yawan wannan amoniya tana fita ne ta jajayen gaɓoɓin nan da ke ƙarƙashin marfin da ke gefen kan kifi, waɗanda yake numfashi da su, waɗanda a cikin jawabin nan zan riƙa kira mashaƙa. Haka kuma kashin kifi, da abincin da ya rage bai ci ba, da ganyen da ya mutu, duk idan suka ruɓe amoniya suke zama. A kogi ko tafki ruwa yana da yawa, yana kuma sauyawa, saboda haka amoniyar takan baje. A cikin akwati kuwa babu inda za ta je. Kifi yana zaune ne a cikin abin da jikinsa ya fitar.

Amoniya guba ce, amma ƙarfin gubarta ya danganta da irin ruwan. A cikin ruwa takan kasu gida biyu, akwai kaso mai tsananin guba wanda ke ratsa mashaƙar kifi cikin sauƙi, akwai kuma kaso mai sauƙin lahani. Abin da ke raba su shi ne zafin ruwa, da kuma matsayinsa a ma'aunin nan da ake kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. A ruwa mai zafin digiri 25, idan ma'aunin yana kan 7, kaso mai gubar bai wuce kimanin rabin kashi 1 cikin 100 ba. Idan ma'aunin ya hau 8, sai ya kai wajen kashi 5 cikin 100. Kun ga ke nan hawa mataki ɗaya tak ya ninka gubar kusan sau goma. In ruwan ya ƙara zafi, kamar yadda yakan yi a ɗakunanmu lokacin bazara, sai kason ya ƙara hawa.

To, me ke hana tsohon akwati, wanda ya shekara da kifi a ciki, cika da wannan guba? Amsar ita ce wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke manne a jikin tsakuwa, da gilashi, musamman kuma a cikin soson da ke cikin matacin ruwa. Su ƙungiya biyu ne, kowace da aikinta. Ƙungiya ta farko tana cin amoniya ta mai da ita wani sinadari mai suna naitirayit. Ƙungiya ta biyu tana cin naitirayit ta mai da shi naitiret. Ina roƙon jama'a su riƙe bambancin sunayen nan biyu, domin sun yi kama a kunne amma halinsu ya sha bamban. Naitirayit, na tsakiya, guba ne mai kisa. Naitiret, na ƙarshe, lahaninsa kaɗan ne in bai taru da yawa ba, tsirrai ma abincinsu ne. Wannan tafiya daga amoniya zuwa naitirayit zuwa naitiret ita ce ɓangaren zagayen naitirojin da ke gudana a cikin akwatin kifi.

Ba da wuri ɗan Adam ya gane haka ba. A shekarar 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya ba da bayanin yadda ya ajiye kifaye biyu a cikin ruwa tare da tsiron ruwa da dodon koɗi, suka rayu ba tare da ana sauya ruwan ba. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan. Amma a wancan zamani hankalin masana yana kan iskar oksijin da tsirrai ke bayarwa ne, ba su san da ma'aikatan ɓoye ba. Sai a 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka cika wani dogon bututu da yashi da farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan ƙazanta ta sama suna auna abin da ke fitowa ta ƙasa. Har kwana 20 amoniya na fitowa yadda ta shiga. Bayan haka sai naitiret ya fara bayyana, amoniya ta ɓace. Da suka tura tururin kulorofom cikin bututun, maganin nan da likitocin da ke sa majiyyaci barci da shi, sai aikin ya tsaya cik. Da suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, sai ya dawo. Daga nan suka tabbatar cewa abu mai rai ne ke yin aikin. Ɗan wancan Warington, wanda shi ma sunansa Robert, ya nuna a tashar binciken noma ta Rothamsted cewa aikin hawa biyu ne. Daga bisani Sergei Winogradsky, mutumin Rasha, ya ware ƙwayoyin a 1890, kuma daga gare shi muka sami sunayen Nitrosomonas da Nitrobacter.

Ina so ku lura da kwana 20 ɗin nan na Faransawa, domin shi ne zuciyar maganarmu. Sabon akwati kamar bututun nan yake a ranar farko. Ƙwayoyin suna nan 'yan kaɗan, sun shigo ta jikin kifi da tsirrai da ruwa da ƙura, amma adadinsu bai kai na yin aiki ba. Daɗin daɗawa, suna daga cikin ƙwayoyin bakteriya mafiya jinkirin hayayyafa. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta a cikin minti 20, amma waɗannan sai sun ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwana guda ko fiye. Mu ƙaddara suna ninkawa sau ɗaya a kwana. Idan aka fara da dubu ɗaya, bayan kwana goma sun kai kimanin miliyan ɗaya, sai bayan kwana ashirin za su kai miliyan dubu. Kifi kuwa tun daga sa'ar da aka saka shi yake fitar da amoniya, ba ya jiran kowa.

Ga yadda al'amarin yakan gudana. A mako na farko amoniya ce ke hawa. Sau da yawa a kwanakin nan ruwa yakan yi fari kamar an ɗiga madara, to wannan wasu bakteriya ne dabam masu cin ruɓaɓɓen abu, kuma yakan washe da kansa. Wajen ƙarshen makon farko ko cikin na biyu ƙungiya ta farko ta yi yawa, amoniya ta fara sauka. A nan ne mai akwati yakan saki jiki, yana tsammani an tsallake. Alhali kuwa amoniyar da ta ɓace naitirayit ta koma. Ƙungiya ta biyu kuwa ba ta da abin ci sai ta farko ta dafa mata, saboda haka sai yanzu take fara nata lissafin ninkawa, kuma yawan amoniya a ruwa yana ƙara danne ta. Bugu da ƙari, naitirayit ya fi amoniya nauyi, miligiram ɗaya na amoniya yakan ba da kimanin miligiram 2.7 na naitirayit. Wannan shi ya sa awon naitirayit yakan yi tashin gwauron zabo, ya kuma zauna a sama har mako biyu ko uku, sa'an nan ya faɗi kusan farat ɗaya. Duka tafiyar, a ruwa mai ɗumi, takan ci mako huɗu zuwa shida.

Yaya naitirayit ke kashe kifi? Kifin ruwan daɗi kullum gishirin jikinsa yana zurarewa cikin ruwa, don haka a mashaƙarsa akwai wasu ƙofofi da ke jawo kulorayid, watau ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishirin miya. Waɗannan ƙofofi ba sa bambanta kulorayid da naitirayit, sai su jawo shi zuwa cikin jini, har ya taru a can fiye da yadda yake a cikin ruwa. Da ya shiga sai ya lalata himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, ya mai da shi wani abu mai launin ƙasa-ƙasa wanda ba ya iya ɗaukar komai. Kifi yana cikin ruwa mai wadatar oksijin, amma yana mutuwa kamar wanda aka shaƙe. Shi ya sa za ka gan shi a saman ruwa ko kusa da inda ruwan mataci ke zubowa, yana buɗe baki da sauri, mashaƙarsa ta koma ruwan ƙasa maimakon ja. Masu kiwon kifi a kududdufai a kudancin Amurka suna kiran abin ciwon jini mai ruwan ƙasa. Irin wannan lahani yakan sami jarirai ma idan aka haɗa musu madara da ruwan rijiyar da taki ko masai ya gurɓata, kuma saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret da miligiram 3 na naitirayit a kowace lita ta ruwan sha.

Yanzu sai mu zo ga abin yi. Abu na farko shi ne awo. Amoniya da naitirayit ba su da launi a cikin ruwa, ido ba zai gaya maka komai ba. Masu sayar da kayan kifi suna da 'yan kwalabe na ruwan gwaji, ka ɗebi ruwan akwati kaɗan ka ɗiga maganin, ka gwada launin da ya fito da takardar launuka. A akwatin da ya zauna daidai, amoniya da naitirayit duka sifiri ya kamata su nuna. Wanda ya sayi akwati da kifi amma bai sayi kayan awo ba, tafiyar dare yake yi ba fitila.

Abu na biyu, rigakafi ya fi magani. Hanyar da ta fi kyau ita ce a raini ƙwayoyin tun kafin a kawo kifi. A cika akwati, a kunna mataci, a riƙa zuba ɗan abincin kifi ya ruɓe, ko a ɗiga tsantsar ruwan amoniya wanda ba a gauraya da sabulu ko turare ba, har awo ya nuna kimanin miligiram 2 a lita. Sai a yi ta aunawa. Ranar da aka zuba wannan adadi, aka wayi gari amoniya da naitirayit duka sun koma sifiri, naitiret kuma ya bayyana, to akwati ya nuna. Sai a sauya mafi yawan ruwan, a kawo kifi kaɗan-kaɗan, 'yan kaɗan a wannan mako, wasu bayan mako biyu, domin yawan ƙwayoyin gwargwadon abincin da suke samu ne. Akwai kuma hanyar rage jira, wadda matan da ke yin kindirmo suka daɗe da sani. Mai kindirmo takan ɗebi ɗan tsohon nono ta zuba a cikin sabuwar madara. Haka nan in ka sami guntun soso ko tsakuwa daga tsohon akwati mai lafiya, ka kawo shi a jiƙe ka sa a cikin sabon mataci, ka kawo ƙungiyoyin biyu gaba ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗin kawai shi ne kifayen wancan akwati su kasance ba su da cuta.

Abu na uku, idan kifi ya riga ya shiga, awo kuma ya nuna naitirayit ya kai rabin miligiram a lita ko fiye, sai a tashi tsaye. A kwashe rabin ruwan a zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Lissafin mai sauƙi ne, in awo ya nuna 2, sauya rabi zai mai da shi 1, a sake sauya rabi ya koma rabin ɗaya. Kada a ji tsoron cewa za a zubar da ƙwayoyin, domin a jikin soso da tsakuwa suke manne, ba a cikin ruwa suke yawo ba. A rage abinci ƙwarai, ko a dakatar da shi kwana ɗaya ko biyu, kifi mai lafiya ba zai mutu don haka ba. A ƙara hura iska a cikin ruwan. Sa'an nan a sa ɗan gishiri, saboda in kulorayid ya yi yawa a ruwa yakan tare ƙofofin nan, naitirayit ya rasa hanyar shiga. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kulorayid ya ninka naitirayit sau goma. A akwati mai lita 100 wanda awonsa ya nuna 2, giram 3 zuwa 4 na gishirin miya ya wadatar, watau kimanin rabin ƙaramin cokalin shayi. Gishirin yana kāre kifi ne kurum, ba ya kawar da gubar daga ruwa.

Abu na huɗu, a kiyayi abubuwan da ke kashe ma'aikatan. Ruwan famfo akan sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa kulorin bai san na kirki da na banza ba, kuma yana ƙona mashaƙar kifi. In kulorin ne zalla, ajiye ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu yakan kore shi. In kuwa an haɗa shi da amoniya, kamar yadda wasu hukumomin ruwa ke yi don ya daɗe a bututu, ajiyewa ba ta isa, sai an ɗiga maganin da ke kashe shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na mai tsabta, wanda zai cire soson mataci ya wanke shi tas a bakin famfo, ko ya jefar ya sa sabo. Ya rushe aikin mako shida a cikin minti biyar. Yadda ake yi shi ne a matse soson a hankali a cikin ruwan da aka kwasa daga akwatin, a mayar da shi. Magungunan kashe bakteriya da ake zuba wa kifi mara lafiya su ma suna iya yin irin wannan ɓarna. Akwai kuma ɗaukewar wutar lantarki, wadda ba sai na yi wa kowa a ɗakin nan bayaninta ba. Ƙwayoyin nan suna shan oksijin da yawa, fiye da giram huɗu da rabi kafin su sarrafa giram ɗaya na naitirojin. Idan mataci ya tsaya sa'o'i masu yawa, ruwan da ke cikinsa yakan rasa oksijin. Dabarar ita ce a fito da soson a sa shi cikin akwatin, a riƙa motsa ruwan, a daina ba da abinci har wuta ta dawo, sa'an nan a yi kwanaki ana awo.

Kafin in zauna, ya kamata in ambata cewa ilmin nan bai tsaya inda Winogradsky ya bar shi ba. Littattafai sun daɗe suna cewa Nitrobacter ce ke cin naitirayit a akwatin kifi. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka bincika akwatunan ruwan daɗi, suka tarar wata ce dabam mai suna Nitrospira ke yin aikin. A 2005 aka ware wata ƙaramar halitta mai cin amoniya daga wani tankin ruwan gishiri a gidan kifi na birnin Seattle, wadda ba ma bakteriya ba ce, daga wani jinsi ne da ake kira arkiya, kuma bayan 'yan shekaru aka gano danginta suna da yawa a matatan akwatunan ruwan daɗi. A 2015 kuma masana a Turai suka sami irin Nitrospira da ke yin hawa biyun ita kaɗai, ɗaya daga cikin wuraren da aka same ta kuwa matacin wani tankin kiwon kifi ne a Holand. Sunayen ma'aikatan sun sauya, amma abin da mai akwati ke gani a awonsa yana nan yadda yake.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu ba za su taɓa ajiye kifin ado ba, amma wasunmu za su sa jarinsu a kiwon tarwaɗa a cikin tankuna, wasu za su yi aiki a hukumomin ruwa ko na noma, wasu za a kawo musu takardar neman kuɗin irin wannan aiki su sa hannu. Tankin da ke tace ruwansa yana maimaita shi, komai girmansa, dokar akwatin gilashin nan ce ke mulkinsa. Wanda ya gina shi yau ya zuba dubban 'ya'yan kifi gobe, a mako na uku zai kwashi gawa, asararsa kuwa ta wuce ta kifin falo nesa. Saboda haka tambayar da ta kamaci duk wanda aka nuna wa sabon tanki ita ce, mako nawa matacin ya yi yana aiki, kuma me awon naitirayit ya nuna yau da safe? Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sauri kuwa shi ke haifar da nawa.

Shugaba, a nan zan dakata, domin a sami lokacin tambayoyi.